Sabar Gida a Saudiyya: Tambayoyin da 'Yan'uwa Ke Yi Kafin Su Haɗa Tasu

Sana'ata a Jidda gyara da haɗa kwamfutoci. Tun ranar da wasu baƙi suka lura da ɗan akwatin da ke gunji a hankali a ƙarƙashin teburin falona, tambayoyi ba su yanke ba, wasu a majalisa bayan isha'i, wasu ta saƙon murya daga Makka da Madina da Riyad. Na tattaro waɗanda suka fi maimaituwa na amsa su a nan kamar yadda nake amsawa da baki. Ban sa farashin kaya ba, don kafin ka gama karantawa ya canja.

Malam, mene ne ma sabar gida ɗin?

Kwamfuta ce kamar kowace, sai dai ba a zama gabanta kuma ba a kashe ta. Wasu na kiranta uwar garke. Tana can gefe haɗe da rawutar gidanka, wayoyi da talabijin da laftof duk suna zuwa wurinta su ajiye ko su ɗauka. Aiki uku aka fi sa ta. Na farko rumbu: hotuna, bidiyon biki da na suna, karatun malamai. Na biyu riƙe kwafin ko-ta-kwana na abin da ke cikin wayoyi da kwamfutocin gida. Na uku goya wasu kwamfutoci a cikinta, waɗanda ba su da jiki sai manhaja kawai. Ni kwamfutocin goyo nake kiransu, kuma da wannan sunan za mu tafi.

Ga Google ga iCloud, me ya kai ni wannan wahala?

In duk abin da ka mallaka bai wuce gigabayit 100 ba, ka biya kuɗin wata ka huta, wallahi ya fi maka sauƙi. Matsalar ta gida mai jama'a ce. Google na ba kowane asusu gigabayit 15 kyauta, a ciki imel da hotuna da Drive ke rabawa. Tun 1 ga Yunin 2021 ya daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka, daga baya kuma kwafin WhatsApp na masu Android ya shiga cikin lissafin. To ka duba wayar Hajiya: bidiyon 4K a iPhone yana cin kusan megabayit 170 a minti ɗaya, in an ɗaga shi zuwa firam 60 ya kai 400. Walima ɗaya a istiraha, wato gidan biki na haya, ta isa ta cika asusun.

Ban ce ka rabu da ma'ajiyar intanet ba. Za ka gani a gaba cewa tana da gurbinta a tsarin, ba ita ce dai rumbun ba.

Daga ina zan fara?

Ba daga kasuwa ba. Ka samu takarda ka kasa kayanka kashi uku.

Kashi na farko abin da in ya ɓata babu inda za a same shi: muryar mahaifiyarka da ta rasu, hotunan yara suna rarrafe, bidiyon ɗaurin aure, kwafin fasfo da igama, takardun filin da ka saya a Kano ko Maraɗi, littafin bashin shago. Kashi na biyu abin da za a iya sake samu amma da jan aiki, kamar karatun da ka yi shekaru kana tarawa kana shiryawa. Na uku abin da gobe ma za ka iya sake saukewa.

Ka rubuta girman kowanne. Yawancin waɗanda na yi wa wannan lissafi mamaki suke yi, domin kashi na farko, wanda shi ne dalilin aikin gaba ɗaya, shi ne mafi ƙanƙanta. Shi za a kashe wa kuɗi da tunani. Na uku kuwa ko faifai ɗaya ya ishe shi, in ya mutu a yi masa Allah ya jiƙa.

Sannan ka duba nawa gidan ke ƙarawa a shekara, ka ninka sau huɗu ko biyar, ka ɗora a kan abin da kake da shi yau. Wannan shi ne girman rumbun da kake nema. Ka bar masa sarari kuma, don rumbun da ya wuce kashi 80 cikin ɗari yakan fara nauyi.

Wace irin kwamfuta zan saya?

Ga mutum tara cikin goma, tsohuwar kwamfutar ofis. Dell OptiPlex, HP EliteDesk ko ProDesk, Lenovo ThinkCentre. An ƙera su don su wuni a kunne, ba su da hayaniya, ba sa shan wuta, kuma kamfanoni na zubar da su da yawa. Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, waɗanda ba su cancanci Windows 11 ba suka ƙara fitowa kasuwa, saba kuwa babu ruwanta da Windows 11. Za ka same su a manhajar saye da sayarwa ta Haraj, ko shagunan kwamfuta na titin Khalid bin Walid a nan Jidda, ko kasuwar kwamfuta ta Ulayya a Riyad.

Ka nemi mai firosesan Intel zubi na 7 ko na 8 zuwa sama. Ina son i5-8500 don kai shida gare shi, wato sassa shida masu aiki lokaci guda, ga kuma Quick Sync a cikinsa, wato sashen da ke rage wa bidiyo nauyi nan take idan wayar mai kallo ko intanet ɗinsa ba za su iya ɗaukar na asali ba. Da shi ba ka buƙatar katin hoto na daban. Ka guji firosesan da lambarsa ta ƙare da F, babu wannan sashe a cikinsa.

Abin da mutane ke mantawa shi ne jikin akwatin. Waɗannan 'yan mitsi-mitsin masu kamar littafi suna da kyau a ido, amma babban faifai ba ya shiga cikinsu. Matsakaiciya takan ɗauki ɗaya, wasu biyu. In faifai huɗu kake so, sai doguwa, ko ka sayi akwati daban ka haɗa da kanka. Kafin ka biya, ka sa a buɗe maka ka ƙirga ramukan SATA da idonka, ka ƙirga wayoyin wuta da ke zuwa wurin faifai.

Akwai kuma ƙananan injina masu firosesa N100 da ya fito a 2023. Kai huɗu ne, wutarsa kaɗan ƙwarai, ya isa rumbu da kallon bidiyo. In ka fara jibga masa kwamfutocin goyo ne zai yi nishi.

Na ga tsohuwar sabar kamfani a Haraj da araha, firosesa biyu, ram (ƙwaƙwalwar aiki) tuli. In ɗauka?

In a shagga, wato fulat, kake zaune da iyali, a'a. Irin su PowerEdge an yi su ne don ɗaki na musamman mai sanyi wanda ba mai kwana a ciki. Fankokinsu ƙanana ne masu gudun tsiya, idan ta tashi sai ka ce jirgi zai bar filin Sarki Abdul'aziz. Na san wanda ya kawo irinta gida da murna, kwana uku uwargida ta ce ko ita ko injin. Yawancinsu kuma ba su da Quick Sync, ga nauyin da mutum ɗaya ba ya ɗauka cikin daɗi. Araha ba ta ado.

Wanda ke koyon aikin sabobi don neman aiki, kuma yana da ɗakin ajiya mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, shi lissafinsa daban.

Nawa za ta ƙara mini a faturar kahraba?

Lissafin ba wuya. Tun farkon 2018 gidaje na biyan halala 18 a kowane kilowat-awa har zuwa 6000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30, sannan a ɗora haraji, wanda tun tsakiyar 2020 kashi 15 ne. Kwamfutar ofis da faifai biyu takan zauna a wajen wat 30 zuwa 40. Mu ce 40: a wata kilowat-awa 29 ke nan, riyal 6 da haraji. Waccan ta kamfani in tana shan wat 200, kilowat-awa 144 ne, kusan riyal 30 a wata, 360 a shekara. Kada kuma ka manta duk wutar da inji ya sha zafi take komawa a cikin ɗakin, mukayyif ne zai sake shan wata wutar ya fitar da shi.

Faifai nawa, kuma wane iri?

Nan ne kuɗinka zai tafi, nan kuma ya kamata ya tafi.

Ka ware ƙaramin SSD, faifan nan mai sauri da ba ya juyawa, gigabayit 250 ko 500, ga manhajar sabar da kwamfutocin goyo. Kaya kuwa su zauna a manyan faya-fayai masu juyawa, domin har yanzu su ne masu arahar terabayit. Ka sayi waɗanda aka yi don aiki dare da rana: WD Red Plus, Seagate IronWolf, Toshiba N300. Ka tabbata CMR ne ba SMR ba. Faifan SMR yana jera layukan rubutu suna hawa kan juna don a cusa kaya da yawa, saboda haka in zai gyara layi ɗaya sai ya sake rubuta maƙwabtansa. A zaman lafiya ba za ka lura ba. Ranar da faifai ɗaya ya mutu ake sake cika sabo, ranar aikin awanni zai koma na kwanaki, wani lokaci ma manhaja ta ɗauka ya mutu ta fitar da shi. A 2020 an yi ta hayaniya a kan wannan, shi ya sa yanzu kamfanoni ke bayyana irin kowanne.

Ga mai farawa, faifai biyu masu girma ɗaya a tsarin madubi: duk abin da aka rubuta a ɗaya an rubuta a ɗayan. Biyu masu terabayit 8 za su ba ka 8, ba 16 ba, kuma a allo 7.27 za ka gani. Ba cutarka aka yi ba, masu ƙera faifai da dubu suke ƙirga, kwamfuta da 1024. In huɗu ne, tsarin RAIDZ2 zai ba ka girman biyu, kuma ko waɗanne biyu suka mutu kayanka na nan. RAIDZ1 zai ba ka girman uku amma mutuwar ɗaya kawai yake jurewa, kuma da manyan faya-fayai ba na son sa, don lokacin da ake ɗinke ɓarakar ne sauran ke shan wahala mafi tsanani.

In da hali kada ka sayi duka a shago ɗaya rana ɗaya. 'Yan zubi ɗaya sukan tsufa tare.

Faifai na hannu fa?

Ana saye, amma ba da ka ba. Kowane faifai yana riƙe da tarihin lafiyarsa, ana kiransa SMART, kuma CrystalDiskInfo a Windows ko smartctl a Linux za su karanta maka. Ka duba lamba 9, awannin da ya yi a kunne. Shekara ɗaya awa 8760 ce, don haka in ka ga 35,000 ka san ya yi shekara huɗu yana juyawa, ko mai shi ya rantse daga kwali ya fito. Ka duba lamba 5 da 197 da 198, su ke nuna wuraren da suka lalace. In ba sifiri ba ne, ka mayar masa da abinsa. Ko sabo ne ma, ka sa shi dogon gwaji kafin ka ɗora masa amana.

Tunda na yi madubi, ai na gama da maganar kwafin ko-ta-kwana ko?

Ba ka ma fara ba, ɗan'uwa, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan.

Madubi maganin abu ɗaya ne tak, mutuwar faifai. In yaro ya goge jakar hotuna, a faifai biyun ta gogu lokaci guda. In manhajar masu garkuwa da fayiloli ta shigo ta laftof ta kulle kaya, duka biyun ta kulle. In wuta ta tashi, ko bututun ruwan shaggar sama ya fashe, ko ɓarawo ya sungumi akwatin, madubi da abin da yake haskawa tare suka tafi.

Ni kaina na sha wannan. Shekarun baya ina gyara jakunkuna da dare, ido ya yi nauyi, na goge wadda na ɗauka maimaici ce. Bidiyon auren ƙanwata ne, kuma mai ɗaukar hoton ya daɗe da share nasa. Faya-fayaina biyu lafiyarsu ƙalau. Abin da ya rage mana yau guntayen da mutane suka tura ta WhatsApp ne, duk sun dusashe.

Ƙa'idar da masu sana'a ke bi ita ce 3-2-1: kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen gidan. A aikace ga yadda nake yi wa mutane. Na farko yana cikin saba. Na biyu faifan waje ne na USB, ana jona shi a kwafe a cire, a kai shago ko gidan yaya a wata unguwa. Na uku, na wancan ƙaramin kashi na farko kawai, yana hawa ma'ajiyar intanet irin Backblaze B2 ta manhajar restic ko rclone, a kulle da mabuɗin da kai kaɗai ka sani kafin ya bar gidan. Ka yi haƙuri da ɗorawar farko: terabayit ɗaya a gudun megabit 20 yana cin kwana huɗu da rabi.

Ka kunna ɗaukar hoton-hali na ZFS (tsarin ajiya ne, bayaninsa na gaba) kuma, wanda ke riƙe yadda fayiloli suke jiya da makon jiya ba tare da cin wuri mai yawa ba. Da ina da shi a wancan dare, minti biyu ya ishe ni. Sannan duk bayan 'yan watanni ka gwada dawo da fayil ɗaya daga kwafin, ka buɗe shi ka gani da idonka.

Proxmox, TrueNAS, Unraid, OpenMediaVault: wanne?

Waɗannan su ne manhajojin da ake ɗora wa sabar ta yi aiki. Zaɓin ya danganta da abin da ya fi damunka.

In rumbu ne kan gaba, goyo kuma ɗan ƙari, TrueNAS. Kyauta ne, an gina shi a kan ZFS, tsarin ajiya da kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 2005, wanda ke sa wa kowane gutsuren bayani hatimi yana dubawa, in ya ga ya ruɓe ya gyara daga ɗayan faifan. Yana kuma ɗaukar manhajoji irin Jellyfin na kallon bidiyo da Immich na hotuna.

In kwamfutocin goyo ne suka kawo ka, Proxmox VE. Shi ma kyauta, daga wani kamfani a Biyana ta Ostiriya, a kan Debian, wani nau'in Linux, yake zaune, kuma yana iya ZFS da kansa. Daga burauza ake sarrafa shi.

Unraid na kuɗi ne, amma yana da abin da ke jan mutane: yana karɓar faya-fayai masu girma daban-daban, ka riƙa ƙara ɗaya-ɗaya yadda aljihu ya ba da dama. OpenMediaVault kuma mara nauyi ne, ya dace da tsohon inji mai ƙaramin ram.

Za ka ji ana cewa a sa TrueNAS a matsayin goyo a cikin Proxmox. Yana yiwuwa, ni ma na yi. Amma sai an miƙa masa katin da ke riƙe da faya-fayan kacokan, irin LSI 9211-8i, an kunna VT-d a BIOS, wato shafin saitin injin da ake shiga wajen kunnawa, kuma ranar da abu ya cije za ka rasa ko uwa ce ba lafiya ko ɗan goyon. Mai farawa ya bar wannan tukuna.

Me zan yi da kwamfutar goyo a gida?

Ɗalibin da ke koyon Linux ko harkar sadarwa zai iya kafa uku, ya lalata su, ya mayar da su yadda suke kafin shayi ya huce. Mai shago da ke da tsohuwar manhajar lissafi da ba ta tashi sai a tsohon Windows zai iya killace ta a goyo, ba tare da ta taɓa intanet ba. Windows 11 ma yana zama, don Proxmox na ba shi guntun tsaron da yake nema, TPM, na manhaja.

Ƙananan ayyuka kuwa ba sa buƙatar cikakken goyo. Kwantena ta ishe su, wadda ke aron zuciyar uwar maimakon ta zo da tata, don haka ba ta cin ram sosai. Don cikakken goyo, ka tabbata dai an kunna VT-x a BIOS, ko SVM in AMD ne, shi ne saitin da ke ba da damar goyon. Kwamfutocin ofis da yawa a kashe suke zuwa da shi.

Ram nawa?

Gigabayit 8 shi ne mafi ƙarancin da TrueNAS ke nema, 16 za ka sake, 32 in da goyon Windows. Ram mai gyara kuskurensa, ECC, abu ne mai kyau in injinka na karɓa, amma rashinsa bai kai ya hana ka farawa ba.

Da zafin ƙasar nan, ba za ta narke ba?

Wannan tambaya ce ta gaske, kuma yawancin shawarwarin da za ka gani a intanet mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta, masu cewa a ajiye a gareji. A Makka ko Riyad, inda rani ke haura digiri 45, ɗakin saman bene ko baranda kabarin faifai ne. Faifai ya fi son zama tsakanin digiri 30 da 45. In kana ganin 50 kullum, ka san kana rage masa kwana.

Ka ajiye ta a ɗakin da ake zama, a ɗaga ta daga ƙasa, kada a kan kafet, kada a cikin kabad a rufe. Fanka ɗaya mai faɗin milimita 120 da ke hura faya-fayan kai tsaye tana sauke zafin sosai. Ƙura kuma sai an bi ta: duk wata biyu ko uku, da bayan kowace guguwar rairayi, a kashe a buɗe a hure. Mu na Jidda ga laima da gishirin teku, don haka nesa da taga.

Babban tarkon shi ne hutu. Mutum zai tafi gida wata biyu a tsakiyar rani, ya kashe mukayyif ya kulle shagga, ya bar saba a kunne. Ko dai ka kashe ta, ko ka saita ta ta kashe kanta in zafin faifai ya wuce iyaka.

Tunda ba a cika ɗauke wuta a nan ba, sai na sayi UPS?

Ka saya, ƙarami ma ya isa. Aikinsa ya riƙe minti biyar ko goma, ya gaya wa sabar ta wayar USB cewa ta rufe kanta cikin natsuwa. Mukayyif da hita kan sa burekar gida ta faɗi, yaro kan ja waya. Batirinsa dai ba ya shiri da zafi, yakan gaji cikin shekara biyu zuwa uku.

Ka kula da soket a tsofaffin gine-gine. Ƙasar na komawa bolt 230, amma har yanzu akwai gidajen da ke da 127 da 220 a bango ɗaya. Wasu tsofaffin kwamfutoci suna da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230. Ka duba shi kafin ka jona.

Wi-Fi ya isa?

Ga wayoyi, e. Ita sabar a ja mata waya zuwa rawuta. Layin gigabit yana kai kusan megabayit 110 a daƙiƙa, ya wadaci gida.

Iyalina a Kano za su iya ganin hotuna da bidiyon da ke ciki?

Za su iya, kuma a nan ne mutane ke jawo wa kansu. Kada ka buɗe ƙofar rawuta ka fuskantar da sabarka ga duniya. Akwai injinan da ba su da aiki dare da rana sai ƙwanƙwasa ƙofofin intanet, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu rawutar 4G ko 5G ma galibi ba za su iya buɗewar ba, don kamfani na haɗa gidaje da yawa a adireshi ɗaya.

Hanya mai sauƙi ita ce Tailscale, wanda aka gina a kan WireGuard. Ka sa shi a sabar, ka sa a wayar wanda ka yarda da shi, sai su ga juna kamar suna ɗaki ɗaya, wani bare bai gani. Kowa ka buɗe masa asusunsa, da izinin kallo kawai ban da gogewa.

Gudun ɗorawa na layinka shi ne iyakarka, ba na saukewa ba. Sannan ka tausaya wa datar mutanen gida: ka sa Jellyfin ya sauke musu bidiyon zuwa 720 ko ƙasa, a nan Quick Sync ke biyan kuɗinsa. Kuma abin gidanku za ka raba. Rarraba finafinan mutane da ba ka da haƙƙinsu laifi ne a dokar ƙasar nan, mai zaman igama kuwa ba shi da rarar shiga irin wannan magana.

Ina da tafsirin shekaru da yawa a warwatse. Yaya zan shirya shi?

Murya ba ta cin wuri. Awa ɗaya a MP3 mai kilobit 64 kusan megabayit 29 ce, tafsirin azumi guda mai awa biyu kullum bai kai gigabayit 2 ba. Wahalar a suna take. Jellyfin ya iya nemo bayanin finafinan Turawa da kansa, amma bai san malaminku ba, sai abin da ka rubuta. Ka yi jaka da sunan malami, a ciki jakar shekara da lissafi biyu, kamar 1445-2024, sannan fayiloli 01, 02 har 30, da sifirin a gaba don kada 10 ta riga 2. Haruffanmu masu lanƙwasa da na Larabci duk suna zama lafiya. Don saurare ka gwada Audiobookshelf, yana tuna inda ka tsaya. Hotunan waya kuma Immich, yana kwashe su da kansa da zarar ka shigo gida.

In zama ya ƙare aka buga mini hurujin ƙarshe fa?

Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa nake cewa a gina ƙarama. Kwangila kan ƙare, kafil kan canja ra'ayi, wani lokaci kwanakin da za a ba ka ba su da yawa. Injin ba shi ne dukiyar ba, ka sayar a Haraj ko ka bar wa wani. Faya-fayan za ka cire, ka sa kowanne a ledarsa mai hana tartsatsi, ka naɗe da soso, ka riƙe a jakar hannu. Kada su bi kargo, kada su shiga akwatin da ake jifa. Biyu ko huɗu za su shige jaka, goma sha biyu kuwa ka ɗaura wa kanka dutse.

Rumbun ZFS ba ya manne da injin da aka haife shi. Ka fitar da shi bisa ƙa'ida a nan, ka jona a wata kwamfuta a Kano ko Damagaram, umarni ɗaya zai dawo da shi. Kada dai madubin biyu da faifan waje su bi jirgi ɗaya in akwai yadda za a yi, ka ba wani amintacce ɗaya ya taho da shi daga baya. UPS a bar shi a nan, batirinsa nauyi ne da rigima a filin jirgi. Can gida kuma lissafin wuta zai juye gaba ɗaya, injin wat 30 ne zai zauna lafiya a kan sola da inbata.

Duk wannan a kaina yake. In na kwanta ciwo ko ta Allah ta kasance, iyali za su iya buɗewa?

In ba ka shirya ba, ba za su iya ba, kuma mabuɗin da ya hana ɓarawo zai hana magada. Ka rubuta takarda ɗaya da hannu, da Hausa: ga abin da ke cikin akwatin, ga kalmar sirri, ga mabuɗin kwafin intanet, ga gidan da faifan waje yake, ga lambar wanda za a kira ya taimaka. Ka sa ta inda kuke ajiye fasfo.

Shi faifan waje na hotunan iyali, ka tsara shi a exFAT ko NTFS, fayiloli a fili cikin jakunkuna masu sunan shekara, yadda duk wanda ya jona shi a laftof zai ga hotuna ba tare da ya san mene ne Proxmox ba. Takardu masu sirri su kaɗai za a kulle. Sannan wata Juma'a bayan an ci abinci, ka miƙa wa uwargida ko babban ɗanka faifan da takardar, ka koma gefe ka kama bakinka, ka ga ko za su kai ga hotunan sunan autarku.